Fitilar mota ta yi yana: tambayoyin direbobin kanta da akori-kura, da amsoshinsu

Aikina fenti ne da gyaran bodi, a wani ɗan gareji da ke gefen titin da ya tashi daga Gujungu ya nufi Gumel. Jajibirin kasuwar Maigatari, wato ranar Laraba, da wuya yini ya wuce wani direba bai ja ni gefe ya nuna mini fitilar motarsa ba. Za ka ga ta yi rawaya kamar haƙorin da ya daɗe yana shan goro, ko ta yi fari dishi-dishi kamar idon da ya yi yana. Tambayoyin da ake yi mini kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda, tare da amsar da nake bayarwa idan ba a cikin sauri nake ba.

Oga, tsohuwar 504 ta mahaifina har ta kwanta fitilarta garau take. Me ya sa tawa ta lalace tun motar tana da sauran ƙarfi?

Domin ta mahaifinka gilashi ce, taka kuwa roba ce. Mu dai mun saba cewa "gilashin fitila", amma tun daga shekarun 1980 kamfanonin mota suka fara komawa wata roba mai ƙarfi da ake kira folikabonet, wadda aka gano a 1953 a Jamus da Amurka. Ba ta da nauyi, ana iya lanƙwasa ta yadda ake so, kuma tsakuwar da za ta tarwatsa gilashi sai dai ta ɗan ƙwarzane ta. Aibinta ɗaya: ba ta shiri da rana. A cikin hasken rana akwai wani kaso da ido ba ya gani, shi ne ake rubuta UV a jikin kaya, shi ke cin robar sannu a hankali. Saboda haka tun a masana'anta ake shafa mata wani siririn rufi mai tauri da zai kare ta. Abin da kake gani ya yi rawaya ko yana ɓanɓarowa kamar fatar maciji, wannan rufin ne ya mutu, da kuma saman robar da rana ta fara ci bayan ya mutu.

A nan wajenmu kuwa an haɗar mata abu biyu. Ga ranar bazara da ke dukan gaban mota tun hantsi har la'asar, ga yashi da ƙurar hunturu da ke bugun ta a kan hanya. Ta ciki kuma zafin ƙwan fitilar yana gasa ta. Fitilar da za ta yi shekaru da yawa lafiya lau a ƙasar da aka ƙera motar, a Jigawa ba ta samun wannan rangwamen.

Ta yaya zan san tawa roba ce ko gilashi?

Ƙwanƙwasa ta da mabuɗi. Gilashi yana amsawa ƙal-ƙal, kuma da safe za ka ji shi da sanyi a hannu. Roba tana amsawa kif-kif. Idan ka duba gefenta da kyau, sau da yawa za ka ga an rubuta PC a tsakanin wasu alamomi biyu. Tsofaffin manyan motoci irin su 911 da tsofaffin kanta masu fitila zagaye ko mai kusurwa huɗu, galibi gilashi ne. Hilux na baya-bayan nan da sababbin tifofi roba ne. In gilashi ne, kada ka kusance shi da samfefa. Sabulu da ruwa sun ishe shi.

Ai ina gani da ita haka. Dole ne sai na gyara?

Kana gani ne domin idonka ya saba, abin bai zo maka rana ɗaya ba. A 2018 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada fitilun da suka dusashe, ta samu suna ba da kashi 22 ne kawai cikin 100 na hasken da sabuwa ke bayarwa. Bayan gyara hasken ya koma wajen kashi 70.

Yanzu yi lissafi da hanyarmu. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Ka ɗauko buhunan riɗi ko shanu daga Maigatari bayan isha'i, birki ba ya kamawa kamar lokacin da motar take wayam. A gabanka akwai amalanken shanu da ba shi da ko ƙyallen da zai nuna shi, akwai ɗan acaɓa da ba wutar baya, akwai tifar da ta lalace aka jera mata ganye a titi. Duk waɗannan sai haske ya kai gare su kafin ƙafarka ta san da su. Ga kuma wani abin da direbobi ba su cika kawowa a rai ba: robar da ta yi yana tana watsa haske ne ta ko'ina, wani ya yi sama, wani ya shige idon mai tahowa. Kai ba ka gani, shi ma ka hana shi gani. Batun 'yan Rod Sefti da VIO kuwa ba sai na faɗa maka ba, fitila tana cikin abin da suke dubawa.

An ce makilin yana wanke ta tas. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ne. Man goge baki yana da ɗan ƙaiƙayi a cikinsa, shi ke goge haƙori, shi ne kuma ke ɗan kankare saman robar. Idan yanar ba ta yi kauri ba, za ka ga bambanci a ranar. Amma bai isa ya cire mataccen rufin nan duka ba, kuma ba ya barin wani abu da zai tare rana. Bayan 'yan makonni sai ka ga ta koma gidan jiya. In daren ya kama ka a Haɗeja kuma dole ka tashi, to goga, ya fi babu. Kada dai ka ɗauka ka yi gyara.

Yarona yana shafa mata baƙin mai ko basilin kafin mu tashi, kuma tana yin ƙyalli. Akwai laifi?

Akwai. Mai yana cike ƙananan ramukan da ke saman robar ne, sai ta yi kamar ta warke, kamar yadda ƙafar da ta yi kaushi a hunturu ke sheƙi idan an shafa mata man kaɗanya. Kafin ku kai Taura ƙura ta manne a kan man, hasken ya fi da lalacewa. Man gyaɗa, man ja, WD-40, duk hukuncinsu ɗaya. Wannan dabara ce ta dillalan mota ranar da mai saye zai zo duba kaya. In za ka sayi mota ka ga fitilarta tana sheƙi fiye da shekarunta, goga yatsa ka shinshina.

To fetur fa, ko tina, ko man birki?

A nan ne ake garin neman gira a rasa ido. Ni kaina na taɓa yi lokacin ina yaron shago. Maigidana ya bar ni da wata Hilux ya tafi masallacin Juma'a da wuri, na ga fesin fenti ya ɗan taɓa fitilar, sai na jiƙa tsumma da tina, ruwan nan da muke tsinka fenti da shi, na goge. Nan take ta yi garau, har na ji daɗi. Kafin a sauko daga masallaci ta yi fari fat, washegari kuma ta tsattsage ciki kamar ƙasar fadama bayan janyewar ruwa. Sabuwa aka saya, daga kuɗin aikina aka riƙa cirewa.

Tina da asiton da fetur da man birki duk suna narkar da folikabonet ko su sa ta tsagewa. Haka maganin sauro na shafawa da wasu ke fesa mata: yana narka saman robar ne, shi ya sa take sheƙi na ɗan lokaci, daga baya ta yi danƙo. Tsagewar da ta shiga cikin naman roba kuwa babu samfefar da za ta kai gare ta.

Na ji. To yaya ake gyaran na gaskiya?

Aikin hawa biyu ne: a kankare abin da ya mutu, sannan a yi sabon rufi. Hawa na farko kowa zai iya da hannunsa in yana da haƙuri.

Ka nemi samfefar ruwa, irin baƙar nan ta masu fenti, ba jar ta kafintoci ba. A bayanta akwai lamba, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon laushinta. Kana buƙatar 600 ko 800, da 1000, da 1500, da 2000, in ka samu 3000 ma ka haɗa. Masu sayar da kayan fentin mota a Kano, irin na Sabon Gari da Ƙofar Ruwa, suna da su, sai ka saƙa a cikin saƙon wanda zai shiga birni. Ka haɗa da tef ɗin takarda, da tsumma mai laushi na auduga, da bokiti, da jarkar ruwa mai tsabta. Na ce mai tsabta domin ruwan kududdufi yana ɗauke da yashi, kuma ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin samfefa ta isa ta ja maka layi daga wannan gefe zuwa wancan. Ɗebo na tuƙa-tuƙa, ko ka tace na rijiya.

Ka kai motar inuwa, ka bari fitilar ta huce. Wanke ta da omo da ruwa. Zagaye gefenta da tef ninki biyu don kada ka ci fentin bodi ko robar giril. Yanka samfefar gida huɗu ka jiƙa a bokiti kamar minti goma.

Fara da 800. Sai in rufin ya yi ɓawo sosai za ka sauka zuwa 600. Goga a miƙe, daga hagu zuwa dama, ba zagaye ba, hannu ɗaya na gugar ɗaya na zuba ruwa. Kada ka danna da ƙarfi, samfefa ce ke aikin ba damtse ba. Ruwan da zai fara gangarowa rawaya ne. Ci gaba har ya koma fari kamar tsala, wannan ne shaidar ka wuce mataccen rufi ka iso lafiyayyar roba. Daga nan share ta bushe ka duba. Ya kamata ta yi fari bai ɗaya, ko'ina iri ɗaya. Duk inda ka ga wani tsibiri yana ƙyalli ko yana da rawaya, tsohon rufi ne ya maƙale, koma kansa. Gefe-gefe da kusurwoyi su aka fi mantawa.

A wannan matakin ne mai mota ke salati, domin fitilar ta fi yadda ya kawo ta muni, ko ƙwan ba a hangowa. Na sha ganin wanda ya ƙwace samfefar daga hannun yaro. Haka ake so ta yi. Kowace lamba da za ta biyo baya aikinta goge sawun wadda ta gabace ta. Shi ya sa idan ka koma 1000 sai ka sauya hanya, ka goga daga sama zuwa ƙasa, har sai layukan kwance sun ɓace gaba ɗaya. A 1500 ka koma kwance, a 2000 ka koma tsaye. Sauyin nan shi ke nuna maka ko ka gama da lamba ko da saura. Wanda ya yi tsalle daga 800 zuwa 2000 don sauri, zai ga sawun 800 ɗin yana kallonsa ranar da ya kunna wuta. Tsakanin kowace lamba ka ɗauraye fitilar da hannunka, ka sauya ruwan bokiti.

Fitila ɗaya tana cin kusan rabin awa zuwa awa guda, ya danganta da girmanta da yadda ta lalace.

Bayan samfefar sai me? Na ga wasu suna goga kamfawun, wasu suna fesa kiliya.

Hanyoyi biyu ne, kuma tun kafin ka fara ya kamata ka zaɓi ɗaya, domin inda za ka tsaya da samfefa ya bambanta.

Ta farko: ka kai har 2000 ko 3000, sannan ka ɗiba kamfawun, wato man nan da muke fito da ƙyallin fenti da shi, ka goga da tsumma mai laushi har robar ta yi garau. Nan take za ka ga kamar daga kwali aka ciro ta. Amma fa tsirara take, ka cire mata rigar da aka yi mata a masana'anta ba ka sa mata wata ba. In ka bar ta haka, ranar Jigawa za ta mayar da ita rawaya cikin 'yan watanni, wani lokaci ma fiye da da. Wannan shi ne rufin ƙofa da ɓarawo, kuma shi ne abin da yawancin masu gyaran fitila na bakin tasha ke yi: su goge, ta yi ƙyalli, su karɓi kuɗi. Idan wannan hanyar ka bi, dole ka shafa mata ruwan kariya na fitila wanda aka rubuta UV a jikinsa. In babu, ko kakin folish na mota ne ka riƙa shafawa duk wata ɗaya ko biyu, ba fashi.

Ta biyu, wadda ni nake yi wa motocin da ke kwana a hanya: a tsaya a 800 ko 1000, kada a sa kamfawun ko kaɗan, a fesa kiliya, wato fentin nan marar launi da ake rufe fentin mota da shi. Kiliya tana son wurin da za ta kama, in ka goge robar ta yi santsi kamar madubi, bayan ɗan lokaci za ta ɓanɓaro. Ita kiliyar ce ke cike sawun samfefar, kana fesawa kana ganin farin yana ɓacewa. Wadda ke daɗewa ita ce mai haɗi biyu, da ake rubuta 2K a gwangwaninta, wadda ake zuba wa hadana, wato ruwan da ke sa ta yi tauri, kafin a fesa. In an yi ta daidai tana kai shekaru. Ƙaramin gwangwanin fesawa mai araha da ake sayarwa don fentin keke da ƙofa kuwa, shi kansa rawaya yake yi a rana, wani ma ya tsattsaga robar. Araha ba ta ado.

Zan iya fesa kiliyar da kaina a gida?

Shawarata ita ce ka yi gugar da kanka in kana son rage kuɗi, fesawar ka kai wa mai fenti. Dalili biyu. Na ɗaya, hadana tana ɗauke da sinadarin da ke lalata huhu, yana iya jawo asma ta dindindin, kuma rawani ko takunkumin yadi ba sa tare shi. Ba abin fesawa ba ne a tsakar gida inda yara ke wasa da kaji ke kiwo. Na biyu, hannu sai da sabo. In ka cika ta za ta zubo kamar hawaye, in ka yi nisa za ta yi gursa-gursa kamar bawon lemo.

Idan ka kai, ka lura da abu kaɗan. A wanke robar a bar ta ta bushe ƙarƙaf, kada a share ta da tina. A rufe bodi da gilashin gaba da jarida. Shafin farko ya zama siriri, kamar raɓa, a jira 'yan mintoci ya kama kafin a yi na biyu mai ɗan kauri, domin ita ma kiliya akwai tina a cikinta, in aka kwarara ta a tashin farko za ta iya cin robar. In hunturu ne, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, a yi aikin da sassafe kafin iska ta tashi. Kada ka hau titin ƙasa a ranar, kuma ka ba ta kwanaki kafin a wanke ta da sabulu.

Ba za a sa giranda a gama da wuri ba?

A'a. Ƙaramar giranda tana juyawa sama da sau 10,000 a minti, robar kuma tana fara laushi tun zafi bai kai digiri 150 ba. Daƙiƙa kaɗan a wuri ɗaya ta isa ta ƙona ta, ta bar tabo mai kama da tafasasshiyar leda. In na'ura za a sa, a sa diril ko injin folish a ƙaramin gudu, da soso mai laushi, hannu yana yawo ba ya tsayawa.

Na ga a TikTok ana zuba wani ruwa a 'yar buta mai wuta, tururin yana taɓa fitila tana washewa. Yaya wannan?

Yana aiki, ba siddabaru ba ne. Tururin yana narka saman robar ne ya daidaita shi. Amma abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne sai an yi gugar samfefa tukuna, kuma bayan an gama robar tana nan tsirara, matsalar rana ba ta kau ba. Ruwan da ake zubawa kuma sinadari ne mai guba, wani mai kama wuta ne, shaƙarsa a cikin shago rufaffe tana iya sumar da mutum. Ni ban sa shi a garejina ba, kuma ba na barin yarana su yi.

Na goge waje tas amma har yanzu akwai hazo. Me ya rage?

To matsalar ta ciki ce. Fitila tana da ƙananan ƙofofin shan iska a bayanta. Ɗan gumi da safe a damina wanda ke ɓacewa idan ka kunna wuta ba komai ba ne. Amma idan ruwa yana taruwa har yana kwanciya a ƙasa, ko dai gam ɗin da ya haɗa robar da kwanon bayanta ya saki, ko murfin bayan ƙwai ya faɗi, ko akwai tsaga. Motocin da ke ratsa ruwa a yankin Haɗeja da Auyo lokacin damina sun fi fama da wannan. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta inda murfin ya ɓata, ta kwanta a ciki.

Cire ƙwan, ka bar fitilar a rana ta bushe, ka gano inda ruwan ke shiga ka toshe, amma kada ka toshe ƙofofin iskar. In ta kai ga buɗewa, sai an ɗumama gam ɗin a hankali kafin ya saki, aikin mai haƙuri ne. Gargaɗi ɗaya: kwanon ciki mai ƙyalli kada ka goge shi da tsumma. Ƙyallin nan ɗan siririn alminiyom ne da aka fesa, ya fi fatar albasa rauni, kana gogawa yana bin tsumman. In ya riga ya ƙone ya yi baƙi ko toka-toka, duk gugar duniya ba za ta dawo da haske ba.

Fitilar ta yi garau, amma hasken har yanzu ja ne kamar aci-balbal.

Wannan kuma aikin rewaya ne. Ƙwan halojin yana raguwa da tsufa tun kafin ya mutu, sauya su biyun tare, kuma kada ka kama gilashin ƙwan da yatsa, maiƙon hannu yana rage masa kwana. Sai a duba wayar at, wato wadda ke haɗe da bodi, da soket, domin tsatsa ko sako-sako suna cinye wuta a hanya. Idan wutar da ke isa ƙwan ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. A sa mita a auna: ƙaramar mota mai batir ɗaya, in inji na aiki, ya kamata a ga wajen bolt 14, babbar mota mai batir biyu wajen 28. In an samu ƙasa da haka sosai, a duba alteneta.

Ba gara in sa ƙwai mai wat 100 ko LED in huta ba?

Ƙwan H4 da aka saba sa wa motoci masu bolt 12 wat 60 ne a ful, 55 a dim. Na masu bolt 24 kuma 75 da 70. Idan ka sa mai 100, zafinsa yana ƙona kwano, ya narka soket, ya gasa robar ta ciki inda ba a iya gogewa. Ka kashe fitilar da hannunka ke nan.

LED ba ya gasa robar haka, amma kwanon an ƙera shi ne daidai da inda zaren ƙwan halojin yake. In ka sa wanda haskensa ke fitowa daga wani wurin dabam, sai ya watse. Kai a cikin mota za ka ga fari tas ka ji daɗi, mai tahowa kuwa kamar an haska masa walda. In robar tana da yana ma abin ya fi muni. Duk wanda ke bin hanyar Wudil da dare ya san irin motocin nan, da irin addu'ar da ake yi musu.

Yaushe zan haƙura in sayi wata?

Idan robar ta tsattsage ta ciki, ko ta huje, ko kwanon ya ƙone, ko kunnuwan da ke riƙe ta sun karye har tana rawa a kan gargada. In za ka sayi 'yar Beljiyam, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba: fitila tana da hannu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka dim ɗinmu ya kamata ya ɗaga ta gefen dama, wajen bakin titi, ya kwanta ta hagu inda mai tahowa yake. Fitilar da aka ciro daga motar Japan ko Ingila akasin haka take, domin su a hagu suke tuƙi. Kafin ka biya, a haɗa ta da batir a haska bango ka ga ta ina ta ɗaga. Sabuwa mai araha kuma ka tambayi waɗanda suka sa irinta bara, domin wasu rufinsu ba ya kai damina biyu.

Bayan an mayar da ita, yaya zan san saitinta daidai ne?

Da dare ka sami fili mai daidai da bango, ka tsayar da motar mita 10 daga bangon. Auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, ka yi alama da gawayi a bangon daidai wannan tsayin. Kunna dim. Layin saman hasken ya kamata ya sauka ƙasa da alamar da kamar santimita 10 zuwa 15. Yawancin fitilu an rubuta adadin a jikinsu, za ka ga 1.0% ko 1.2%. A bayanta akwai noti ko sukurun saiti. Ka tuna kuma idan ka loda buhu hamsin baya yana zaunawa, hanci ya ɗaga, hasken ya koma kan bishiyoyi. Motar da kullum cikin kaya take, a saita ta da kaya a kai.

Me zan gaya wa yaron mota don kada mu koma ruwa?

Ka hana shi share fitila da busasshen tsumma. Kowace safiya a hunturu yaro yana fitowa da tsumman da ya goge taya da shi, ya murza ƙurar a kan robar, wato samfefa yake yi mata kullum ba da saninsa ba. Ya fara watsa ruwa ƙurar ta gangara, sannan ya bi da tsumma mai laushi da aka ware don fitila da gilashi kaɗai. Toka da yashi da soson ƙarfe na tukunya ne, ba na fitila ba. Ƙwarin da ke mannewa da daddare a damina da kashin tsuntsu a wanke su da wuri, kada su kwana biyu. In kun isa kasuwa za ku yini kuna jiran lodi, a nemi gindin darbejiya, in babu inuwa a juya gaban motar ya ba rana baya.